Gajiyar da barci ba ya maganinta

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ka da aiki kai da abokan aikinka. Don Allah ka ara mini fili a jaridar nan in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana cin raina, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, don duk fadar da ka zauna a garin nan namu na Damagaram bayan isha'i in ka kasa kunne da kyau za ka ji shi, sai dai ba a kiran shi da suna ɗaya, wani ya ce gajiya, wani ya ce tunani ne ya yi mishi yawa, wani ya ce kaina ne dai ya yi nauyi kwana biyu, mu da muke zaman biro kuma mu ce istires. Ni dai matsin aiki nake ce mishi, wato irin nauyin nan da aiki ke ɗora wa mutum a zuciya ya bi shi har gida har kan shimfiɗa, ya kwanta da shi ya tashi da shi.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan shi ne abin da ya samu wani abokin aikina a watan Afrilun da ya wuce. Ba zan kama sunanshi ba, haka ma wurin da muke aiki, ya isa in ce kamfani ne na 'yan kasuwa mai rarraba kaya, ni ina riƙe da lissafi shi kuma yana riƙe da magaza. Ranar wata Alhamis ce ƙarshen wata muna ƙidayar kaya, zafin nan na bazara da kowa ya sani, rufin kwano, wuta ta ɗauke tun hantsi fanka ba ta juyawa, ga tirela a ƙofa ana sauke kaya direba yana ta masifa yana son ya juya. Yana tsaye kusa da ni da rajista a hannu yana kiran adadin katon ina rubutawa, sai biron da ke hannunshi ya faɗi ƙasa. Ya duƙa zai ɗauka yatsun suka ƙi kamawa, ya sake gwadawa suka ƙi, ya ɗago ya kalle ni yana son ya yi magana sai na ga bakinshi ya karkace gefe ɗaya maganar tana fita kamar ta mai barci. Wallahi Malam Edita har yau in na rufe ido ina ganin wannan kallon. Muka ɗauke shi muka sa a mota sai babbar likita, suka karɓe shi suka yi iya ƙoƙarinsu Allah Ya saka musu, daga baya dokta ya ce mana tansiyo ce ta hau ta taɓa ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki. Shekarunshi 47, 'ya'ya shida, babbar tana shirin jarrabawar bak.

Da muka je gaishe shi a gida na ji maganganu iri iri, wasu na cewa jifa ne don ana mishi hassadar wurin, wasu na cewa iska ce ta buge shi a magazar. Ban yi musu da kowa ba don ba wurin musu ba ne kuma kowa cikin tausayi yake magana. Amma ni na zauna da mutumin nan shekara takwas, na san abin da idona ya gani. Da su uku ne a magazar, ɗaya ya bar aiki ɗaya aka sallame shi, ba a ɗauki kowa ba aka ce ya ɗan riƙe kafin a samu wani, ɗan riƙen nan ya kai shekara uku. Bakwai na safe yana wurin, wani lokaci sai tara na dare yake rufewa, ranar Lahadi ma in mota ta iso waya ce za ta kira shi ya bar iyalinshi ya zo. Katon ɗaya ya ɓata a albashinshi za a cire ko da ba shi ya ɓatar ba. Konje kuwa duk shekara sai a ce mishi bari a wuce azumi, bari a wuce salla, bari a wuce ƙarshen shekara. A aljihun rigarshi kullum akwai katin farasitamol, yana ɓallewa yana haɗiya da shayi kamar mai cin gyaɗa, in na ce mishi ka je a auna ka mana sai ya ce wa zan bar wa makulli. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, washegarin faɗuwarshi tambayar farko da aka yi mini daga sama ita ce ina makullin magaza, sai daga baya aka ce ya mai jiki.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sati bai zagayo ba na je aka auna ni, anfirmiyar ta naɗa mini abin a damtse ta matsa ta duba, ta kwance ta ce in huta minti biyar, ta sake aunawa a ɗayan hannun, sai ta ce Mushe tun yaushe kake da tansiyo? Na ce ni ban da tansiyo. Ta juyo mini da na'urar ta ce sha bakwai bisa goma, ai daga sha huɗu bisa tara ma mun fara magana. Ni da nake ganin lafiyata ƙalau, abin da na sani kawai shi ne wuyana da kafaɗuna kullum a ɗaure suke, ƙarfe uku na dare idona ke buɗewa tarwai kamar an tashe ni sai in ta lissafin biro a kai har kiran assalatu, ina manta abu ƙarami kamar inda na ajiye makullin moto, kuma duk yammacin Lahadi sai wani ƙunci ya sauko mini a ƙirji don na tuna gobe Litinin. Na ɗauka haka rayuwar magidanci take.

Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina sai ta yi shiru, can ta ce Malam in faɗa maka wani abu ba za ka ji haushi ba? Na ce faɗi. Ta ce ka lura yaran nan da sun ji ƙarar motonka a bakin ƙofa suke watsewa? Ta ce auta da ke rugowa ta riƙe maka ƙafa yanzu bayan randa take laɓewa sai ta leƙa ta ga yadda fuskarka take tukuna. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Yarinya 'yar shekara huɗu ta koyi karanta fuskar ubanta kamar yadda ni nake karanta fuskar shef da safe. Faɗan da aka yi mini a biro ban iya ramawa ba shi nake ɗaukowa a moto in kawo gida in sauke a kan waɗanda ba su ci ba ba su sha ba.

Doktan da ya duba ni daga baya, Allah Ya yi mishi albarka, ya ba ni lokaci ya yi mini bayani yadda na gane, ni kuma na ƙara da karance karance a intanet. Ya ce ka tuna ranar da mota ta kusa kaɗe ka a hanya, yadda gabanka ya faɗi zuciya ta shiga bugawa da ƙarfi gumi ya karyo bakinka ya bushe? Wannan shiri ne Allah Ya yi wa jiki don ya ceci kanshi, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda ne ke sako sinadarai cikin jini, adirenalin da kotizol, su sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini don tsoka ta samu ƙarfin gudu ko kokawa, narkar da abinci kuma a ɗan dakatar da shi don ba lokacinshi ba ne. In haɗarin ya wuce komai ya koma daidai, ba wata illa. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin mota da ta taso maka da kiran wayar shef ba, duk faɗuwar gaba ɗaya ce a wurinshi, to in gabanka na faɗuwa sau ashirin a wuni, wata da watanni, shekara da shekaru, kamar ka tada moto ne ka murɗe totur ka bar shi a tsaye yana ta kuka, ba inda za shi amma injin yana cin kanshi. Daga nan ne tansiyo ke samun wurin zama, barci ya lalace, mai shirin kamuwa da ciwon sukari ya matso kusa, garkuwar jiki ta yi rauni ka ga mutum mura ba ta barin shi, ciki ya riƙa ƙugi da zafi, har sha'awar iyali ta ragu, wannan kam maza ba sa faɗi sai dai su bi masu maganin gargajiya a ɓoye. Ya kuma gyara mini wani abu da na daɗe ina ɗauka, ya ce gyambon ciki da muke cewa tunani ke kawo shi yawanci wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak, amma ai mai matsin aiki shi ne ke wuni bai ci ba yana watsa waɗannan ƙwayoyin cikin cikin da ba komai.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne ko shagwaɓar 'yan biro. A shekarar 2021 hukumar lafiya ta duniya OMS da hukumar ƙwadago ta duniya suka fitar da sakamakon bincike, suka ce a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu a duniya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awar aiki, kuma mai yin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru mishi da kashi 35 cikin ɗari in an gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. To Malam Edita ɗauki alƙalami mu yi lissafi, yaron shago a kasuwar Dole da ke buɗewa bakwai na safe ya rufe bakwai na yamma kwana shida a sati awa 72 ke nan, tela in salla ta matso kwana yake a kan keke, mai gadi, mai gidan burodi, direban da ke bin hanyar Agadas ko ta Yamai, anfirmiyar da ta kwana gardi gari ya waye wadda za ta canje ta ba ta zo ba, wa a cikinsu yake tsayawa a awa 55?

Amma fa yawan aikin kaɗai bai isa ya bayyana abin ba, na daɗe ina juya wannan a raina. Mahaifina Allah Ya jiƙan shi manomi ne a wajen Mirriya, da damina tun duku duku yake gona sai rana ta take, wahalar jiki ni ban kama ƙafarshi ba, amma in ya dawo ya ci tuwo ya yi isha'i barci yake har da minshari. Gonar tashi ce, shi ke cewa yau nan za a nome gobe can, in ya gaji ya zauna gindin gawo ba mai daka mishi tsawa, kuma in Allah Ya ba da damina yana ganin amfanin guminshi a rumbu. Abin da ke cin ma'aikaci shi ne a ɗora maka kaya mai nauyi kuma a hana ka ta cewa kan yadda za ka ɗauka, wannan shef ya ce yi kaza wancan ya ce wa ya sa ka, in abu ya yi kyau ba sannu in ya ɓaci kai ne, ba ka san ko wata mai zuwa kana nan ko an sallame ka ba. Akwai wani dogon bincike da aka fara a Ingila a shekarar 1967 kan ma'aikatan gwamnati na birnin Landan, ana zaton manya masu ɗauke da nauyin yanke shawara su ne zuciya za ta fi kamawa, sai aka tarar na can ƙasa su ne suka fi mutuwa, kusan ninki uku na waɗanda ke sama. Da na karanta wannan sai na tuna da masinjan biro ɗinmu da kowa ke aika kuma kowa ke yi wa faɗa, ban taɓa tambayar shi ya barcinshi yake ba.

Sai wulaƙanci, wanda a ganina ya fi komai ciwo. Magidanci mai furfura a gemu a tsayar da shi gaban yaran da ya girme wa a zage shi tas kan kuskuren da za a iya gyarawa cikin sirri, ya haɗiye ya ce to ranka ya daɗe don yana tuna bakunan da ke jiran shi a gida. Wannan haɗiyewar ba ta ɓacewa, tana nan a ciki tana aikinta. A Faransa har kotu ta kai ga wannan magana, a 2019 aka hukunta tsofaffin shugabannin kamfanin France Télécom kan tsarin takura wa ma'aikata da suka shimfiɗa don su gaji su bar aiki, bayan ma'aikata da dama sun kashe kansu. Kuma tun farkon 2017 suna da dokar da ta ba ma'aikaci haƙƙin a ƙyale shi da saƙonnin aiki bayan ya tashi. Mu nan gurup ɗin WhatsApp na sarwis sha ɗayan dare ana turo saƙo, in ba ka amsa ba da safe a ce an ga ka karanta.

Ga kuma abin da ya zama namu na nan gida da yake hawa kan wancan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, a cikin shi za a ci a sha a biya haya a sayi esans, kuma da yawa ko wannan ɗin ba a ba su don ba takarda tsakaninsu da mai gida. Wanda ke ɗaukar albashi kuwa dangi gani suke ya haye, ordonas daga ƙauye gare shi, suna gare shi, biki gare shi, kuma ba ka iya cewa babu don zumunci wajibi ne kuma kai ma wasu ne suka ɗauke ka har ka kai nan, sai ka ga kafin 10 ga wata mutum ya fara neman abans. Maiɗakina malamar lakwal ce 'yar kwantiragi, ajinta yara sun haura tamanin, muryarta kullum a dishe, kuɗinsu in ya yi jinkiri ba mai ce musu ga dalili, ta taso ta zo ta ɗora tukunya ta yi wanki ta duba kayen yara har dare, ga matsalar ruwan Damagaram da ba sai na ba kowa labari ba, lokacin zafi ƙarfe biyu na dare za ta tashi ta tara bokiti ko famfo zai kawo, in bai kawo ba a jira 'yan garuwa da tsadarsu. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 watanni muka yi muna kwana a tsakar gida muna fifita, da safe kuma a ce kowa ya zo aiki da fara'a. Mata ma'aikata aiki biyu suke yi ana biyan su ɗaya, ni kaina sai da ciwo ya taɓa ni na buɗe ido na ga nata nauyin ya fi nawa.

To me mutane ke yi da wannan nauyi? Kowa da inda yake kai kukanshi. Wani shayi ne mai ɗaci daga na fari har na uku a sake ɗora wani har tsakar dare, ga sukari kamar ba gobe, sannan ya ce barci ya ƙaurace mishi. Wani taba kara bayan kara. Matasanmu 'yan kabu kabu da masu adaidaita da 'yan dako da yawansu tiramol ne, kuma ni ban ga laifinsu kaɗai ba, yaron da dole ya kai wa mai moto kuɗinshi kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba, rana ta dake shi tun safe, wani ya ce mishi sha wannan ba za ka ji gajiya ba, daga ƙwaya ɗaya ya koma biyu ya koma ba ya iya tashi sai da ita, ƙarshe farfaɗiya ko haɗari a titi. Wasu kuma wurin mai tallar magani a faranti suke zuwa a haɗa musu na ciwon kai da na barci ba awo ba tambaya. Duk wannan rufe wuta ne da zane.

Ni abin da na yi, kuma ina faɗi ne ko wani zai amfana ba don na gama warkewa ba, na fara da shan maganin tansiyo kullum yadda aka rubuta mini, dokta ya ja mini kunne sosai cewa kada in ji sauƙi in daina don nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, kuma duk wata ina zuwa a auna ni. Bayan sallar asuba ba na komawa shimfiɗa, ina taka ƙafa rabin awa kafin rana ta yi zafi, daga unguwarmu in yi wajen Birni in zagayo, da farko ina haki yanzu har ina jin daɗin iskar. An rage gishiri da Maggi a tukunyar gidanmu, yara sun yi ƙorafi sati biyu suka saba. Shayi daga la'asar na rufe. Kafin in bar biro ina rubuta abin da ya rage na gobe a takarda in sa a durowa in kulle, wannan ƙaramin abu ya rage mini lissafin ƙarfe ukun dare ƙwarai don kai ya san an ajiye abin a wani wuri. Tara na dare waya tana shiga ɗaki ni ina waje kan tabarma da yara. In na iso ƙofar gida kuma ina kashe moto in tsaya minti biyu in ja numfashi a hankali in sauke, in yi addu'ar shiga gida, sannan in yi sallama. Salla ma na gane da can jikina ne kawai ke kan darduma hankalina yana kan rajista, yanzu ina ƙoƙarin in ba ta haƙƙinta in zauna bayan sallama in yi tasbihi ba gaggawa, natsuwar da nake samu a nan ba ta misaltuwa.

Wanda ya fi mini wuya shi ne magana. Mu maza an tarbiyyantar da mu kan cewa namiji ba ya kuka ba ya cewa na gaji, a fada za mu kwana muna gardamar ƙwallo da siyasa amma ba mai cewa ni fa kwana uku ban runtsa ba. Ranar da na daure na faɗa a fadarmu sai wuri ya yi tsit, can wani malamin lakwal ya ce wallahi ni ma, wani ma'aikacin banki ya ce shi wata shida ke nan yana shan maganin barci matarshi ma ba ta sani ba, mu tara ne a kan tabarmar nan biyar suna da labari. Yanzu mun yi karo karo mun sayi na'urar awon tansiyo tana wurin mai shayinmu, duk Juma'a da dare kowa ya miƙo hannu. Kuma don Allah duk wanda abin ya kai shi ga ya daina jin daɗin komai, ba ya son ganin mutane, yana kuka ba dalili ko yana jin gara ma ya mutu ya huta, ya je likita ya faɗa ba kunya, wannan ciwo ne da ake magani, ba hauka ba ce ba kuma raunin imani ba ne, a haɗa addu'a da magani. Wanda kuma aka ga bakinshi ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a ruga da shi likita a take, kada a tsaya shafe shafe a gida, awannin farko su ne komai.

Sai dai Malam Edita in na tsaya a nan na yi rabin gaskiya, kuma wannan rabin shi ne wanda masu ba da aiki suka fi son ji, wato ma'aikaci ya yi tattaki ya rage gishiri ya yi haƙuri. Abokina ko ya zagaye Damagaram sau goma da asuba in ya dawo aikin mutum uku na jiran shi. Haƙuri abu ne mai girma a addininmu da al'adarmu ba mai musun wannan, amma mun mai da shi abin toshe bakin wanda aka danne, kowa ya buɗe baki a ce yi haƙuri wasu ma nema suke ba su samu ba. Addinin da ya ce mu yi haƙuri shi ne ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, Manzon Allah (SAW) ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashinmu kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora musu to a taimake su, kuma a ba ma'aikaci ladanshi kafin guminshi ya bushe. Ina roƙon malamanmu su riƙa kawo wannan a huɗuba yadda suke kawo wancan, don alhazan da ke da shaguna da kamfanoni suna sahun gaba suna ji.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a sati, abin da ya haura a biya shi daban, ta ba da hutun kwana guda kowane sati, ta ba da konje na kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki wato wata guda a shekara, har ma ta ambaci istires da sunanshi cikin sababbin haɗurran lafiya a wurin aiki ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin wayar da kan ma'aikatanshi da tallafa musu. Nawa ne cikinmu suka san da haka? Ni kaina sai bana na sani. Muna da ofishin masu binciken aiki a garin nan, muna da sandika, ina kira gare su da su riƙa leƙa magazoji da shaguna da lakwal lakwal masu zaman kansu, su tambayi awa nawa ake yi, yaushe rabon wane da konje, an yi wa ma'aikata rajista a CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata, ko ba a yi ba, kada maganar ta tsaya ga jawabin 1 ga Mayu. Ni dai na gwada nawa, na rubuta duk ayyukan da ke kaina a takarda guda na shiga wurin shef cikin ladabi na ce ranka ya daɗe ga su nan goma sha ɗaya, wanne zan fara wanne zai jira, don duka a rana ɗaya ba za su yiwu ba. Gabana na faɗuwa na faɗa. Ya daɗe yana kallon takardar, bai ce komai ba ranar, amma bayan sati biyu aka ɗauko wani yaro yana taya ni. A magazar kuwa yanzu mutum biyu aka sa, abin da abokina ya roƙa shekara uku.

Ina roƙonka Malam Edita ka turo wakilinka ya zagaya garin nan ya zauna da masu gardi a likita, da malaman kwantiragi, da yaran shago, da 'yan kabu kabu, ya ɓoye sunayensu ya bar su su faɗi da bakinsu, kuma ku samu dokta ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu kan tansiyo da rashin barci da Hausa yadda kowa zai gane.

Juma'ar da ta wuce bayan masallaci na biya na gaishe da abokin nawa. Yana zaune a zaure kan kujera an jingina mishi matashi, yana koyon riƙe kofi da hannun hagu ruwan na zuba a rigarshi ɗanshi na goge mishi, magana ta fara dawowa amma a hankali sai ka matso. Albashinshi an ce za a ci gaba da ba shi rabi zuwa wani lokaci, bayan nan ba wanda ya ce komai. Da zan tafi ya riƙo hannuna da hannun mai lafiyar ya jawo ni kusa, na duƙa na kai kunne, sai ya ce mini ƙidayar nan ta watan Afrilu, ta cika kuwa?

Na ce mishi ta cika, ko katon ɗaya bai ɓata ba.

Wassalam, naka mai karatu a kullum,
wani ma'aikaci daga unguwar Sabon Gari, Damagaram.